Kada Ka Sa Mai Kemis Ya Sayi Sabuwar Rauta

Sanusi, na saurari saƙon muryarka bayan isha'i, minti bakwai cur, alhali abin da ke ciki bai wuce magana uku ba. Mai kemis na Tudun Wada yana son ya riƙa shiga kwamfutarsa ta gida daga shago, ka buɗe masa ƙofar 3389, wadda ake bi a shiga kwamfuta daga nesa, a rauta, akwatin nan da ke raba intanet a gida, a falo abin yana yi, da ya je shago shiru. Sai ka rufe da cewa, "Oga, ko in ce masa ya sayi sabuwar rauta?" Wallahi ba don wannan tambayar ta ƙarshe ba da sai gobe zan amsa maka, don barci nake ji. Ita ta tashe ni zaune. Ni na taɓa sayen sabuwar rautar nan da kuɗina, kuma tana nan saman kabad ɗin shago cikin kwalinta. A kanta kuke ɗora caja kullum, ba wanda ya taɓa tambayar ta wane ne.

A daminar 2021 ne, cikin watan Agusta. Wani Alhaji dillalin hatsi a nan Gusau, ba zan kama suna ba, ya aiko a kira ni. Duk lissafinsa yana cikin kwamfutar tebur a falo: wa ya ɗauki buhu nawa na waken suya, wa ake bi, motar wa ta taso daga Ƙaura. Shi kuma rabin wata a Dawanau yake yi. Yana son daga Kano ya buɗe laftof ya ga littafinsa kamar yana gida. Ina shiga na ɗaga kai na hango eriya a kan rufi, sai na yanke wa kaina hukunci cewa layin rediyo ne irin na ofisoshin da na saba yi wa aiki, masu lambar IP, wato adireshin intanet, tasu ta kansu. Ban tambayi kowa ba. Shekarata goma sha ɗaya a sana'ar a lokacin, wa zai koya mini? A tsaye na yanke kuɗi, naira dubu 140. Ya ba da hamsin kafin alƙalami, saura in aiki ya yi.

Na buɗe ƙofa a rautar falo, na ɗaura masa sunan DDNS, sunan da ke bin lambar gidan ta intanet ko ta canza, na gwada da laftof ɗinsa a kan Wi-Fi na gidan. Da lambar cikin gida ya shiga nan take, da sunan waje ya ƙi. To ka ji inda sani ya cuce ni. Na san akwai rautoci da yawa da ba sa barin ka fita ta lambar waje ka juyo ka shigo gidan da kake zaune a ciki, sai na ce ai shi ne, in ya isa Kano zai yi. Wayata tana aljihu da data a ciki, in kashe Wi-Fi in gwada bai fi minti ɗaya ba. Amma an kawo fura da nono mai sanyi, Alhaji yana ta wasa ni gaban baƙinsa, na sha na goge baki na hau mashin.

Kwana biyu sai ga waya daga Kano. "Injiniya, wanga abu naka bai yi ba. Mi anka yi?"

Da na koma sai na bi wayar da ta shiga bayan rautar falo, na ga ta bi ta taga ta nufi cikin gida. Ashe akwai wata rautar a ɗakin Hajiya, ta falon reshe ce kawai. Awa guda na yi a zaure kafin a ce in shigo. Wata 'yar fara ce mai sim a ciki, an ɗora ta kan firij an lulluɓe da kyallen saƙa saboda ƙura, eriyar rufin nan kuma aikinta jawo sabis, ba wani layin rediyo. Ko a nan ya kamata in farga, sai na ce rauta biyu ce matsalar. Na buɗe ƙofa a ta Hajiya na tura ta zuwa ta falo, wannan karon na gwada da data. Shiru. Na ce to tsufa ne ya kama ta, na sa aka kawo mini sabuwa daga Kano, dubu 38 daga aljihuna. Na sa sim, na sake saiti tun daga fari. Shiru. Sai a lokacin, zufa tana ɗiga daga haɓata, yaran gidan sun kewaye ni suna kallo, na buɗe shafin da ke nuna lambar WAN, wato lambar da rautar ta samu daga waje. Na ga 100.72 da 'yan kai. Zama na yi a ƙasa.

Na san ba ka san abin da lambar nan take nufi ba, don a bidiyoyin da kuke kwana kallo ba a cika faɗa ba. Lambobin IP irin waɗannan, da ake kira IPv4, gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun 2011 babban rumbun da ake rabo daga ciki ya ƙare. Kamfanonin sadarwa ba su da lambar da za su ba kowane sim tasa, sai su tara jama'a da yawa a bayan lamba ɗaya. Shi ake kira CGNAT. A 2012 aka ware daga 100.64 zuwa 100.127 don wannan aikin, wasu kamfanonin kuma mai farawa da 10 suke bayarwa. Gidan haya ne mai ɗaki arba'in da ƙofar titi ɗaya. Kai ka wangale ƙofar ɗakinka kana jiran baƙo, alhali mabuɗin ƙofar titi yana hannun mai gida, shi kuma dokarsa ita ce na ciki ya fita ya dawo da abin da ya je saye, amma baƙon da ba a aika kira ba, a waje zai tsaya. Sunan DDNS ɗin da na ɗaura ƙofar titin yake nunawa, ba ɗakin Alhaji ba. Ko rautar zinariya ka saya, a cikin ɗakin za ta zauna.

Tunda na ciki yana iya fita, sai na yi hayar ƙaramar saba a Turai, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, na biya shekara guda da dala, nan ma daga aljihuna, na shimfiɗa VPN, wata keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet. Kwamfutar falo ta fita ta je can, laftof ɗin Alhaji ma ya je can, su haɗu. Ya yi. Alhaji ya bugo daga Dawanau yana dariya, ya ce in ya dawo in zo in karɓi cikona. Kwana tara abin yana tafiya lafiya lau. Farkon Satumba aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, kai ma ka tuna, lokacin da sai mutum ya bar jihar kafin ya gaisa da ɗan'uwansa a waya. Sim ɗin kan firij ya mutu kamar na kowa. Sai a Oktoba sabis ya dawo Gusau. Na sa hulata na tafi da fara'ata, na tarar ɗansa da ya zo hutu daga jami'a ya sa AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, ya cire nawa.

Alhaji ya ce, "Injiniya, aikinka wata guda bai yi ba, yaro ya gyara shi cikin minti biyar, kyauta. To kuɗɗin mi za ni biya?" Na ce, "Haba Alhaji, a watan nan kai kanka ka yi waya a garin nan?" Ya ja carbi ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri." Ba takarda, ba shaida sai baƙin da muka sha fura tare, su kuma a hannunsa suke ci. Dubu 90 ta tafi, ga rauta, ga dalar saba, ga man zuwa shida. Har gobe muna haɗuwa a masallacin Juma'a, shi ke fara miƙo hannu, har ya tambaye ni iyali. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, yaron bai yi kuskure ba. Manhajar da ya sa ita ma fita take yi daga ciki, ba ruwanta da ƙofa. Da na duba lambar nan tun ranar farko, irinta zan sa, in karɓi dubu ashirin in kama gabana da mutuncina.

Yanzu naka. Yadda ake shiga shafin rauta ba zan faɗa ba, in wata takwas ba su koya maka ba ni ma ba zan iya ba. Ka dubi lambar WAN, ka rubuta a takarda, da biro, ba hoton da za ka ɗauka ya ɓace cikin hotunan biki ba. Sannan daga kwamfutar gidan ka tambayi intanet wace lamba take ganinka da ita. In biyun ba su zo ɗaya ba, akwai wata ƙofa a gabanka. In ta WAN ta fara da 192.168, wata rautar ce a gidan, ka bi waya ka nemo ta ko a ɗakin wa take. In 100.64 zuwa 100.127 ce, ko 10 a rauta mai sim, ka daina wahalar da kanka. Na rantse tasa mai sim ce. Ko Starlink da ya shigo Najeriya a 2023, tsarinsa na gida a bayan CGNAT yake, kada farin faranti a kan rufi ya ruɗe ka yadda eriya ta ruɗe ni. Mai son lamba tasa ta kansa sai ya nemi layin 'yan kasuwa ya biya, mai kemis kuwa ba zai biya ba, na san su.

Kuma ko da lambar ta zo ɗaya, ka koma ka rufe 3389 ɗin nan. Wa ya ce ka buɗe? Akwai injinan masu kutse da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa wannan ƙofar a duk duniya suna gwada kalmar sirri, ta mai kemis kuma na tabbata sunan 'yarsa ce da shekarar haihuwarta. Su shiga su kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, mu nan ba sai an fassara mana kalmar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuma da guduma ka je. Ka sa masa Tailscale, manhajar VPN ce, a kwamfutar gida da ta shago, Remote Desktop na Windows mai amfani da 3389 ɗin ya bi ta ciki, tunda ka ce a falo yana shiga, alamar Windows ɗinsa ba Home ba ce, don ita ba ta karɓar baƙo. Ita ma Tailscale lamba mai farawa da 100 za ta ba ka, kada ka kira ni a firgice. In da AnyDesk ko TeamViewer ya fi so, ka gaya masa kyautarsu ta amfanin kai ce, ta kasuwanci biya ake yi.

Abin da ke kunyata ku kuma ba manyan nan ba ne, ƙanana ne. Kwamfuta ta yi barci bayan rabin awa, mutum yana shago yana zaginka. An ɗauke wuta an dawo da ita, rauta ta tashi, kwamfuta ta kwanta, don ba ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ce ta kunna kanta in wuta ta dawo ba. Ka tambaye shi ma ko rautar tana kan inbata, ko uwargida tana zare ta ta sa cajin waya. Ku yaran yanzu da abu ya ƙi sai a ce a sayi sabo, kuma kowannenku wata shida yake jira ya buɗe shagonsa ya rubuta Injiniya a allo. Mu sai da muka shekara biyu muna murɗa kan waya kafin a bar mu mu taɓa saiti.

Gwajin ƙarshe a shagonsa za ka yi, kana tsaye, da layinsa ba naka ba, ya shiga da hannunsa yana gani. Kafin nan ku rubuta a takarda abin da za ka yi da kuɗinsa, da cewa in sabis ya ɗauke ko data ta ƙare ba laifin aiki ba ne, ya sa hannu, yaron shagonsa ma ya sa. Ƙarfe takwas ka biyo ta shago ka ɗauki littafin rasit, ka sauko da kwalin nan ka kaɗe masa ƙura, akwai wani malamin makaranta daga Tsafe da ya ce zai zo ya gani.