Amsa: Ƙwaro mai ƙaya na Borneo, ƙoƙi-ƙoƙi ne?

Malam, ka tambaya ko wannan ɗan ƙwaro mai kama da tsinke ƙoƙi-ƙoƙi ne, kuma ko ƙayarsa tana da dafi. A'a, ba danginsu ɗaya ba. Ƙoƙi-ƙoƙi mafarauci ne, shi kuwa wannan ganye kawai yake ci, da daddare.

Sunansa na kimiyya Epidares nolimetangere, daga dazukan tsibirin Borneo, cikin rukunin Phasmatodea (ƙwari masu kama da tsinke ko ganye), dangin Heteropterygidae. Wani masanin dabbobi, De Haan, ne ya fara bayyana shi a 1842. Tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, kuma ba shi da fiffike. Namijin siriri ne, ƙayoyinsa dogaye tsattsaye a kai da gadon baya. Macen ta fi kauri, nata gajeru. Ƙayar ba ta da dafi ko kaɗan, kariya ce daga masu cinsa, don Allah kada a kashe shi saboda tsoro.