Ɗana zai koma aiki ƙasar ƙanƙara, an ce ɗan Jos ba ya jin sanyi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana ya gama karatu a Kanada, ya samu aiki a wani gari can arewa mai suna Ikaluwit. Ya ce babu bishiya ko ɗaya a wurin. Na ga bidiyon farar dabbar nan mai cin mutane, tun ranar barci ya ƙaurace mini. Kawunsa ya ce in kwantar da hankalina, yaron da ya tashi cikin hunturun Jos babu sanyin da zai ba shi tsoro. Don Allah me ya kamata in sani? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a aikin, ya tsare shi. Tsoronki yana kan hanya, sai dai kin ɗora shi inda bai fi dacewa ba.

Ikaluwit shi ne babban birnin yankin Nunabut, a tsibirin Bafin, kuma tsantsar tundura ce, wato fili mai tsananin sanyi da bishiya ba ta tsirowa. Ƙasar a daskare take shekara da shekaru, 'yar fatar sama kawai ke narkewa da bazara, shi ya sa saiwar bishiya ba ta samun wurin shiga, gidaje ma a kan turaku ake ɗora su. Babu titin mota da ya haɗa garin da sauran Kanada, sai jirgin sama, ko jirgin ruwa idan teku ta narke.

Farin beyar da kika gani gaskiya ne, yana kisa. Amma harkarsa tana kan ƙanƙarar teku, inda yake farautar dabbobin ruwa masu kitse, ba kasafai yake shiga gari ba. Kada dai yaron ya fita bayan gari shi kaɗai ba tare da ɗan ƙasa ba. Abin da zai fi gani shi ne baƙin hankaka, da farin zomo, da yanyawar da gashinta ke komawa fari fat da hunturu. A shekarun baya barewar karibu ta ragu sosai a tsibirin, har gwamnati ta dakatar da farautarta a 2015. Da bazara kuma sauro ne kamar hadari, amma ba ya ɗauke da maleriya. 

To, mu zo kan maganar kawunsa, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma kusan kullum sai na ji ta daga bakin iyaye da dillalan biza. Ranar da Jos ta fi kowace rana sanyi, ranar da ake hura kasko a shaguna ana cewa yau ba a wanka, ruwan randa bai daskare ba. A Ikaluwit matsakaicin watan Janairu wajen digiri 27 ne ƙasa da sifili. Firizar da ake daskarar da ƙanƙarar sayarwa digiri 18 take ƙasa da sifili. Wato a cikin firizar ya fi ɗumi. Watan Yuli, tsakiyar zafinsu, wajen digiri 8 ne, bai ma kai daren hunturunmu ɗumi ba. Ga iska babu itacen da zai tare ta. Idan sanyi da iska suka haɗu suka kai digiri 40 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10.

Babu jikin da ke sabawa da wannan. Su kansu Inuwit, masu ƙasar tun kaka da kakanni, da tufafin fata da sanin iska suke rayuwa. Haɗarin cewa "na saba" shi ne yaro ya fita da jakit ɗin gwanjo, da wandon jins, da kunne a waje, don kada a ce rago ne. Kuma daskarewar gaɓa ba ta zuwa da ihu. Yatsa ya yi zugi, sai zugin ya ɗauke, fatar ta yi tauri ta koɗe, mutum ya ɗauka ya ji sauƙi, alhali naman ne ke mutuwa. A baƙar fata ma ba a saurin ganin canjin launin, dole sai an riƙa taɓawa. Haka ake yanke wa mutane yatsu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne magungunan da ake turawa a WhatsApp: a murza wurin da ƙarfi, a shafa man zafi, a kara a wuta, wasu har su ce a kurɓi barasa. Wallahi duk cutarwa ce. Murzawa tana yayyaga naman da ya daskare. Gaɓar da ba ta ji, wuta za ta ƙone ta mai ita bai sani ba. Barasa, ban da haramcinta, buɗe jijiyoyin fata take yi, zafin jiki ya tsere. Abin yi shi ne a shiga ɗaki, a cire jiƙaƙƙun kaya, a tsoma gaɓar a ruwa mai ɗumi digiri 37 zuwa 39, a nufi asibiti. Idan mutum ya daina karkarwa, magana ta fara harɗewa, yana jin barci, wannan gaggawa ce. Duk mai tura maganin da bai sani ba ya ji tsoron Allah, rai ne na ɗan wani.

Ki gaya masa, Hajiya: kada ya hura gawayi a rufaffen ɗaki irin yadda muke yi nan. Idan kin yi niyyar saya masa rigar sanyi a kasuwar Katako, gara ki tura masa kuɗin ya sayi ta can, da takalmi da safar hannu, ya riƙa sa kaya hawa uku, na ciki kada ya zama auduga. Garin yana da masallaci tun 2016, ya nemi limamin kan lokutan salla da azumi, tunda yinin Disamba bai wuce awa huɗu da 'yan mintuna ba. Ranar da aka sanar da guguwar ƙanƙara aka rufe ofisoshi kuwa, ko shagon maƙwabta kada ya leƙa.