Tafin nan da kake tambaya a kai

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma ina karantawa na yi murmushi. Ka ce tafa hannun nan da muke yi gaban kyamara kafin a fara ɗauka, wai dole ne ko al'adar tsofaffi ce kawai, don abokan aikinka suna maka dariya. Amma da na gangaro ƙasa na ga sauran maganar, murmushin bai daɗe ba: bikin da ka ɗauka a Pantami, ka tace shi da ƙaramin kwafi, wanda kuke kira furoksi, komai lafiya, da ka mayar da aikin kan asali sai baki ya rabu da murya. Ga iyayen amarya suna ta kiran waya.

A 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi, ni yaron shago ne, aikina ɗaukar jaka da batir. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya samu aikin wani ɗaurin aure a Kumo. Kyamarar VHS ce, irin ta kafaɗa. Jama'a sun cika ƙofar gida maƙil, babu yadda kyamara za ta kusanci liman, sai maigida ya ba ni rikoda mai kaset ya ce in kutsa in ajiye ta a gefen tabarma. Ya ce kafin a fara in ɗaga hannuwa in tafa sau ɗaya yadda kyamara za ta gani, bayan an shafa Fatiha in sake. Kunya ta kama ni, ga dattawa da rawuna a zazzaune, amma na tafa. Wani tsoho ya juyo ya harare ni, har yau ina ganin idon nan.

Da dare muka zauna ɗora murya kan hoto, muna daidaita ƙarar tafin da ke kaset da inda hannuwana suka haɗu a hoto. Tafin farko ya hau daidai. Ana zuwa wajen sadaki, waliyyi bai gama buɗe baki ba an ji ya amsa. Kafin Fatiha, ana jin "amin" hannuwa suna sama tukuna. Maigida bai ce uffan ba, ya nemo tafi na biyu ya duba tazarar, ya ce batirin rikoda ya yi sanyi, kaset ya ja a hankali, shi ya sa yanzu murya take gudu. Dare uku muka yi yana ɗora ta guntu-guntu, ni ina riƙe da maɓallin tsayarwa. A daren ne ya faɗa mini maganar da nasa maigidan ya faɗa masa, cewa wanda bai kafa turke ba, ba zai san nisan da akuya ta yi ba. Ya kuma ce ɗaurin aure sau ɗaya ake yi, ba ka cewa liman a sake.

Naka ciwon ɗan'uwan wancan ne. Ka duba: in tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, to mafarin kwafin ne bai zo ɗaya da na asali ba, wataƙila ka gutsure kansa, ko ka haɗa shi da wani fayil mai irin sunansa, tunda kyamara takan maimaita lamba idan an sauya katin ajiya. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, gudun firam ne, wato yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Mu a nan firam 25 muka sani a daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL, na Amurka kuma 29.97. Asali na 29.97, kwafi an tilasta shi ya yi gudun 30, a awa ɗaya ka ɓatar da daƙiƙa 3.6. Ka ce rabin ɗaukar da waya ka yi, nan na fi zargi, don waya takan sauya gudunta tana tsaka da ɗauka, musamman in haske ya ragu. Ka bi da hoton wayar ta manhajar HandBrake ka tsayar da gudun wuri ɗaya, ka ɗauke shi shi ne asali, sannan ka bar manhajar tace bidiyo, Premiere ko DaVinci, su fitar da kwafin da kansu. Kada ka sake masa suna, kada ka rage masa layin sauti.

Abin da ya dame ni, kun saba danna maɓalli ɗaya na'ura ta daidaita muku sauti, har ba kwa zama ku kalli aikinku daga fari zuwa ƙarshe kafin ku ce an gama. Mu a zamaninmu ba a fitar da kaset sai maigida ya kalla da idonsa, ko da asuba za ta yi. Kai da ka tafa a farko da ƙarshe, da tun daren nan ka san wane ciwo ne a cikin biyun. Su masu dariyar, ba su iyayen amarya suke kira ba.

Ka zo da kwamfutar da katunan duka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, kada ka goge ko ɗaya. Ka kira uban amarya yau ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa ranar da zai karɓi aikinsa. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka.