Tambaya da Amsa: Shin "gatekeeper" mai gadi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida. Malaminmu ya ce edita shi ne "gatekeeper". Sai ga shi na ga kalmar a kwamfutar yayata, wai ita ce ta hana wata manhaja buɗewa. Na kuma ji a labarai Tarayyar Turai ta laƙaba wa wasu manyan kamfanoni wannan suna. Da na duba ƙamus sai na ga "mai gadi". Duk abu ɗaya ne? Kuma yaya zan faɗe ta da Hausa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, rabin magana ya ba ki. Asalin kalmar a Turanci mai tsaron ƙofa ne, wanda ke zaune a mashiga yana buɗewa yana rufewa. Abin da masana suka ara a jikinsa kuwa abu biyu ne: ƙuntatacciyar hanya wadda dole sai an bi ta, da wani mai ikon cewa wuce ko koma. Mai gadi dukiya yake karewa daga ɓarawo. Wannan kuwa zaɓi yake yi a tsakanin masu neman shiga, kuma galibinsu ba su da laifin komai. Ki riƙe wannan bambanci, shi zai warware miki sauran.

Wanda ya shigo da kalmar fagen ilimi shi ne Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan'adam haifaffen Jamus da ya koma Amurka a 1933. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka na so mutane su sauya abin da suke ci saboda ƙarancin nama. Lewin ya bi diddigin yadda abinci ke isa gaban iyali, daga kanti ko lambu zuwa tukunya, ya ga a kowane mataki akwai mai yanke shawara, kuma a yawancin gidaje uwargida ce. Duk wanda ke son sauya cimar gida, in ji shi, da ita zai yi magana. Ya wallafa wannan a 1943, ya faɗaɗa shi a wani rubutu da ya fito a 1947, shekarar da ya rasu, inda ya nuna cewa labari ma haka yake bin ƙofofi kafin ya isa ga jama'a.

Daga nan fanninku ya ɗauka. A 1950 David Manning White ya fitar da binciken da har yau ake koyarwa. Ya samu wani editan jaridar safe a wani matsakaicin gari a Amurka, ya sakaya sunansa da Mista Gates, ya roƙe shi ya ajiye duk labaran kamfanonin dillancin labarai da ya ƙi bugawa na tsawon mako guda a Fabrairun 1949. Kowane dare bayan an gama aiki, sai mutumin ya zauna da tulin takardun da ya watsar, yana rubuta dalili a jikin kowace. Kusan kashi ɗaya cikin goma kaɗai na abin da ya iso hannunsa ya shiga jarida. A jikin wata takarda ya rubuta farfaganda ce, a wata ya ce mai maganar ya cika kwaminisanci, a masu yawa kuma ya ce babu fili. White ya kammala cewa ra'ayin mutum da son ransa na da babban tasiri a kan abin da ake kira labari.

Ni dai dalilin nan na "babu fili" ya fi tsaya mini a rai. Labarin da ya iso da yamma ya samu shiga, ɗan'uwansa mai nauyi iri ɗaya da ya iso tsakar dare ya tarar shafi ya cika. Editan bai ƙi shi ba, bai kuma yi mugunta ba, amma mai karatu da safe ba zai taɓa sanin abin ya faru ba. Wata rana ke ce za ki zauna a wannan kujera, shi ya sa nake so ki san nauyinta tun yanzu.

A harkar lafiya kalmar na nufin likitan farko da majinyaci ke gani. A tsarin lafiyar Birtaniya da aka kafa a 1948, haka ma a Holan, ba ka zuwa wurin ƙwararren likitan zuciya ko na fata kai tsaye sai likitan iyali ya duba ka ya rubuta maka takardar turawa, in ba larurar gaggawa ba. Amfaninsa a fili yake: ƙwararru kaɗan ne, kada layinsu ya cika da ciwon da za a iya magancewa a matakin farko. Haɗarinsa kuma idan likitan farko ya raina alamar cuta, an yi jinkiri ke nan. 'Yan kasuwa su ma suna faɗar kalmar, suna nufin sakatare ko mai karɓar baƙi da sai ka bi ta kansa kafin ka ga shugaba. Masu binciken zamantakewa kuwa suna nufin wanda ke ba su izinin shiga makaranta ko wata al'umma.

Abin da kika gani a kwamfutar yayarki suna ne na wata kariya da kamfanin Apple ya saka a kwamfutocin Mac tun 2012. Idan aka sauko da manhaja daga intanet, Gatekeeper kan duba ko tana ɗauke da sa hannun wanda kamfanin ya sani, in babu ta dakatar da ita. A nan sunan kaya ne, ba a fassara shi.

Maganar Tarayyar Turai ta fi girma, domin a can kalmar ta zama matsayi a doka. Dokar kasuwannin dijital ta fara aiki a Nuwamban 2022. Tana kallon kamfanin da dandalinsa ya zama gada tsakanin 'yan kasuwa da masu saye, yana da masu amfani aƙalla miliyan 45 a wata a cikin Tarayyar da 'yan kasuwa dubu 10 a shekara, ga kuma ciniki ko darajar kamfani da ta kai wani adadi. A Satumban 2023 aka ayyana shida: Alphabet mai Google, Amazon, Apple, ByteDance mai TikTok, Meta da Microsoft, aka ƙara Booking, dandalin kama ɗakin otal, a 2024. Wanda sunan ya hau kansa ba shi da damar fifita kayansa a kan na wasu a dandalinsa, kuma tara na iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya. A Afrilun 2025 an ci Apple tarar Yuro miliyan 500, Meta miliyan 200. Kin ga Apple ya fito sau biyu a amsar tambayarki, sau ɗaya yana tsare ƙofa don kare mai kwamfuta, sau ɗaya ana tuhumarsa da tsare ta don kansa.

Har cikin jikin mutum kalmar ta shiga. A 1997 masu binciken sankara Kinzler da Vogelstein suka kira wasu ƙwayoyin gado da ita, waɗanda ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa ba birki, kamar APC da lalacewarsa ke buɗe hanyar sankarar hanji. Akwai kuma ma'anar da na fi ƙauna, ta masu yaƙi da kashe kai: malami ko abokin aiki da aka koya wa gane alamun wanda ya yanke ƙauna, ya tambaye shi, ya raka shi wurin taimako. Wannan buɗe ƙofa yake yi. A shafukan sada zumunta kuwa kalmar ta koma zargi, ana jifan wanda ke rowar ilimi da ita, ko mai cewa wane bai isa a lissafa shi cikinmu ba.

Saboda haka kada ki nemi kalmar Hausa guda ki ɗora wa duka. A jarrabawarki ki rubuta "mai tace labarai". Ga likita ki ce "likitan farko mai turawa", ga kamfanonin nan "masu riƙe da mashigar kasuwa", ga na shafukan zumunta "mai rowar ilimi" ko "mai tare hanya". Idan kina fassara labari kika gamu da ita a fannin da ba ki sani ba, ki duba me ke wucewa ta ƙofar da wanda ya ba mai tsaronta iko, sannan ki zaɓi kalma. "Mai gadi" ki bar wa wanda ke bakin ƙofar ƙarfe da makulli a hannu.