Hukuncin tara tsofaffin kwanuka, tangaran, zane-zane da 'yan tsana a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mace ce mai sha'awar kayan da. Da mahaifiyarmu ta rasu na kwashe jerenta, kwanukan langa da samira da tangaran da kofunan gilashi, don kada ƙannena maza da mata su watsar da su. Daga nan na shiga saye a hannun dillalai har na cika kabad biyu. Akwai tukunya mai zanen ƙadangare da kifi da aka ce min aikin Suleja ce, da tsofaffin zanen hawan sallah da na rataye a falo, da 'yan tsanar roba, da motocin gwangwani, da dawakan gilashi, da butar shayi da nake zaton ta azurfa ce. Wata malama ta ce wannan taskace dukiya ne, mala'iku ba sa shiga gidana, in farfasa su duka. Mene ne gaskiya, kuma akwai zakka a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya kai haske kabarinta.

'Yar uwa, abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki shi ne wanda kika faɗa kika wuce, wato kwashe jeren. Kayan ɗakin mace dukiyarta ce, daga lokacin da ta cika kuwa sun zama gado, har murfin kwano. In ta rasu da auren mahaifinku yana da rubu'i, in iyayenta suna raye a ranar kowannensu yana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, saura naku ne ku 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Na san yadda muke yi: a raba gida da gona da kuɗi, kayan ɗaki a bar wa mata, maza su ce me za su yi da kwano. To al'ada ba ta kayar da haƙƙi, kuma shirun da suka yi sau da yawa kara ce kawai. Ke ce babba, wa zai ja da ke a kan samira ana cikin zaman makoki?

Ki tara su, ki fito da na mahaifiyarku daban da waɗanda kika saya da kuɗinki, a sa wanda ya san kayan ya yi musu kuɗi da farashin yau. Ki faɗa musu abin da kika sani game da darajarsu, don wanda ya yafe yana zaton tarkace ne alhali kin san ba haka ba ne, yafewar tasa akwai magana a kanta. Wanda ya bar miki nasa da daɗin rai, shi ke nan. Wanda ya ce a biya shi, ki biya shi. In akwai wanda bai balaga ba, ba shi da ikon yafewa, waliyyinsa ma ba zai yafe masa dukiya ba, sai a ajiye masa rabonsa. In wani daga cikin magada ya rasu bayanta, kasonsa ya koma ga nasa magadan. Za ki iya cewa ai ta taɓa ce miki ta ba ki. A mazhabar Malik kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Kayan da suka ci gaba da zama a ɗakinta har ta bar duniya gado ne, wasiyya kuma ba a yi wa magaji.

Asalin ajiye kwano da tukunya da motar wasa halal ne, wannan babu saɓani. Sai maganar malamar, kuma zan ɗan tsawaita don ba ita kaɗai ke faɗa ba.

Ayar da ake jawowa, ta 34 a suratu Tauba, zinariya da azurfa ta ambata. A cikin Muwaɗɗa an tambayi Abdullahi ɗan Umar mene ne taskar da ake nufi, ya ce ita ce dukiyar da ba a fitar mata da zakka. Langa da tangaran na amfanin gida ba su da zakka tun farko, to ta ina za su shiga ayar? In an koma cewa almubazzaranci ne, shi almubazzaranci ana auna shi da halin mutum. Mai wadata da ta sayi tsohon faranti bayan ta sauke abin da ke kanta ba ta yi laifi ba. Wadda ta taɓa kuɗin cefane, ko take da bashi a wuya ana binta, ita ce ta yi laifi, ko sabon faranti ta saya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin da aka ba ki: a ji tsoron ɓarna, sai a ce a farfasa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana tozarta dukiya, balle wani ɓangare na kayan ba naki ba ne ke kaɗai. Da kin bi wannan fatawar da yanzu ramuwa ta hau kanki.

Batun cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto hadisi ne ingantacce, ba mai musunsa. Sai dai a ruwayar Zaidu ɗan Khalid daga Abu Ɗalha, a Bukhari da Muslim, an keɓe zanen da ke jikin tufa. A kan irin wannan malaman Malikiyya suka raba hukunci. Siffar mai rai da ke da jiki da inuwa, gaɓoɓinta a cike, haramun ce. Zanen da ke shafe a bango ko takarda makaruhi ne in an ɗaukaka shi, in kuwa a abin da ake takawa ne ko ake wulaƙantawa da amfani, barinsa ne kawai ya fi. Gaskiya ne Imam Nawawi ya tsananta, ya kira ra'ayin masu sassauci a kan marar inuwa ɓatacce. Amma Ibn Hajar a sharhinsa na Bukhari bai bar maganar haka ba, ya kawo cewa an ga zanen masu rai a ɗakin Alƙasim ɗan Muhammad, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin fuƙaha'u bakwai na Madina, wanda kuma shi ne ya ruwaito hadisin matashin mai hotuna daga gwaggonsa Nana A'isha. Mutumin da hadisin ya bi ta hannunsa bai fahimci hani ya game komai ba. Wanda ya zaɓi tsanani don kansa ya kyauta, amma a yanke wa baiwar Allah cewa mala'iku sun ƙaurace wa gidanta saboda tsuntsu a bakin faranti, alhali mazhabar garinta ba ta ce haka ba, wannan ya wuce gona da iri. Ko labulen Nana A'isha mai hotuna ma ba a ƙone shi ba, yanka shi aka yi aka mayar da shi matasai.

Saboda haka tukunyarki ki bar ta. Irin wannan zanen ƙadangare da kifi da kunama shi Ladi Kwali ta shahara da shi, wadda ke bayan takardar naira 20. Ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a 1954, a garin da ake kira Abuja lokacin, Suleja a yanzu, ta rasu a 1984. Tsaga ce a jikin yumɓu, ba mutum-mutumi ba. Zanen hawan sallah na fi son ki sauke shi ki adana a cikin jaka ko akwati, kin fita daga saɓani, musamman in yana gabas inda ake salla. Na gine-gine da ƙofofin gari da itatuwa ki rataye abinki.

Dawakan gilashin ne malamar ta yi daidai a kansu. Ki sa a cire musu kai, kamar yadda Jibrilu ya yi umarni da mutum-mutumin da ke bakin ƙofa, kada kuma ki sayar da su a cike. 'Yan tsana an yi rangwame a kansu saboda hadisin 'yan tsanar da Nana A'isha ke wasa da su, har da dokinta mai fukafukai, amma rangwamen na yara mata ne masu wasa. Babbar mace ta jera su a bayan gilashi ba mai taɓawa, dalilin rangwamen ya tafi. Ko ki ba 'ya'ya su yi wasa da su, ko ki yi musu yadda za a yi wa dawakan.

Butar shayin ki kai wa maƙerin zinariya ya gwada. Da yawa ruwan azurfa ne kawai aka shafa wa wani ƙarfe, za ki ga an buga EPNS a gindinsu, waɗannan da tangaran mai siririn layin zinariya a baki maganganu biyu ne a mazhaba, kuma akwai sauƙi. In kuwa kika ga 925, azurfa ce. Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa haramun ne ajiye ƙwaryar zinariya ko azurfa ko da ga mace, ko ba a ci a ciki. A narkar a yi miki awarwaro, matuƙar kuma tana nan a buta, nauyinta ki haɗa da kuɗinki wajen lissafin zakka, nisabin azurfa wajen giram 595 ne.

Sauran kayan, in don sha'awa kika saya babu zakka, komai tsadarsu. In kin saya da niyyar sai sun yi daraja ki sayar, to zakkar shekara ɗaya za ki fitar ranar da kika sayar, ko sun shekara goma a kabad, matuƙar kuɗin sun kai nisabi. Na gado niyya kaɗai ba ta mayar da su hajar kasuwa, in kin sayar sai kuɗin sun shekara a hannunki.

Ki kula da abu biyu da ba ki tambaya ba. Dillaliyar da ke shiga gidaje tana karɓar jeren tsofaffi a kuɗin goro don ba su san darajarsa ba, kada ki zama ke ce kasuwarta, ki tambayi inda kaya suka fito, wasu ma na marayu ne ba a raba ba. Sannan tsohon fenti da tsohon ƙyallin tangaran sukan ƙunshi dalma, Amurka sai a 1978 ta hana fentin dalma a kayan wasan yara, mu kuma mun ga abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Motocin gwangwanin nan da duk 'yar tsanar da fentinta ke ɓarewa kada su je bakin yaro, langar da ta ɗaɗe ko tangaran da ya tsage kuma kada a zuba abinci a ciki, balle mai tsami.

Wallahu a'alam.