Yaro jarumi da ba mai kula da shi: zai karɓu a labarin zane yau?

Ɗana, ka ce kana son jarumin labarin zanenka ya zama ɗan shekara 12 da ke zaune shi kaɗai a Sakkwato, ba uwa ba uba ba mai tsawata masa, kana tambaya ko masu karatu za su yarda. Za su yarda, in ka nuna musu yadda yake rayuwa.

A Amurka an yi haka a 1940 da Billy Batson, yaron labarin zane da ke rikiɗa ya zama jarumi Captain Marvel (Shazam), maraya mai tallar jarida. Da aka sabunta labarin a 2012 sai aka kai shi gidan masu riƙo, don mai karatun can yanzu zai ce ina hukuma take. Namu kuwa cewa zai yi, ina danginsa? Yaro a nan ba ya rasa kawu ko gwaggo, in ma ya rasa, ga mai unguwa ga liman. Sababbin hannu sukan kashe iyaye a akwatin zane guda su wuce abinsu, mutumin unguwar Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato kuwa nan take zai ajiye littafin.

In littafin shafi 24 ne, kafin shafi na 4 a ga inda yake kwana, da mai ba shi abinci, da wanda zai lura in bai dawo ba. Kada ka rubuta, zana: tabarma naɗe a zaure, robar abinci, silifa da aka ɗaure da ƙusa. Rigarsa in ta yage a shafi na 9, to a na 10 a ga yagar ko ɗinkin.

Ni dai almajiri zan ce ka ɗauka. Yana da malam, yana da uwar ɗaki, amma tsakanin karatun safe da na yamma ba mai bin sawunsa, ga hutun Alhamis da Juma'a. Nan za ka zuba faɗace-faɗacen. Sai dai kada bara ta zama ado. Bari yunwa ta taɓa kayar da shi, ya zo tsallake katanga ƙafa ta ƙi.

Saura waya. In ya yi bajinta bakin kasuwa da hantsi, kafin la'asar bidiyon ya kai ga malaminsa ta WhatsApp. Don haka sa labarin cikin hunturu, lokacin da yaro zai naɗe fuska da ƙyalle ba wanda zai waiwaye shi.