Tambaya da Amsa: Kula da hanyar fetur a injin kwale-kwale kafin ajiyar hunturu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Injina irin wanda ake maƙalawa a bayan kwale-kwale ne, mai kafireta, kuma idan hunturu ya shigo yakan yi wata huɗu zuwa biyar a ajiye. In zazzage fetur ɗin duka ne, ko in cika tanki in bar shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Fetur ba ya son zama. Daga wata ɗaya zuwa biyu yake fara tsufa: ɓangarensa mai saurin kamawa ya bi iska, ragowar ta soma danƙo. In kuma mai haɗe da etanol ne (wani nau'in sifirit da ake gauraya wa fetur), wanda ake rubuta wa E10, wato kashi 10 cikin 100, to matsala ta zama biyu, domin etanol na jan laimar iska. Idan ruwan ya yi yawa sai su biyun su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai bakin bututun da ke zuƙo mai. Ranar tayar da inji, wannan gaurayen zai fara sha. Kuma in har ya rabu, babu maganin da zai sake haɗa shi, sai dai a kwashe.

Idan ƙaramin tanki ne da ake ɗauka a hannu, ka juye shi sarai, ka ƙarar da man a wani injin tun yana da kyau. Idan kuwa tankin a jikin jirgi yake, da wuya ka tsane shi kakaf, kuma tankin da ke rabi shi ya fi yin gumi daga ciki saboda sauyin zafi da sanyi. Cika shi da sabon fetur zuwa kashi 95 cikin 100, ka bar wa man ɗan wurin kumbura. Kafin ka cika, zuba sinadarin hana fetur lalacewa don su gauraya da kyau. Ma'aunin STA-BIL, alal misali, kusan mililita 30 ne ga lita 10, amma kowane kamfani da nasa, sai ka bi rubutun jikin kwalba.

Daga nan ka tayar da inji ya yi minti 10 zuwa 15, don man da aka sa wa magani ya ratsa tiyo, filta da kafireta. Kada ka kuskura ka yi haka ba ruwa. Ko dai ka tsoma ƙafar injin a duro, ko ka haɗa masa tiyon ruwa, domin farfelar robar da ke tura ruwan sanyaya inji tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya in ta juya a bushe.

TAMBAYA: Wasu sun ce a cire tiyon mai a bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Wannan ya wadatar?

AMSA: Bai wadatar ba, ɗan'uwa. Inji yakan mutu alhali da sauran fetur a kwanon kafireta, kuma wannan ɗan ragowar ne ke bushewa ya toshe ƙaramin jet na silo, wato bututun da ke ba inji fetur idan yana aiki a hankali, wanda ƙofarsa ba ta fi tsinin allura ba. Shi ya sa bayan ajiya za ka ga inji ya ƙi tsayawa a silo sai an ja cok. A ƙasan kowane kwano akwai sukurun tsiyayarwa. Tara tsumma ko ƙaramin gwangwani, sassauta shi da sukudireba har man ya daina ɗiga, sannan ka ɗaure ba da ƙarfi ba, don zarensa ba ya jure murɗa.

Akwai kuma haɗari ga inji mai bugu biyu da ake haɗa wa fetur da man inji, galibi 50:1, wato mililita 100 na man inji a lita 5 na fetur. In kafiretocinsa sun fi ɗaya, ba lokaci guda suke ƙarewa ba, sai wata silinda ta yi ta juyawa babu man da zai jiƙa ta. Mai injekta ma ba a yi masa haka, domin fetur ne ke sanyaya famfonsa na lantarki. Shi maganin adana fetur ya ishe shi, sai dai in littafinsa ya nuna a tsiyaye ƙaramin tankin da famfon ke ciki.

TAMBAYA: Ban da tanki da kafireta, me kuma ya kamata in duba?

AMSA: Malam, fara da filtar raba ruwa da fetur. Kwance ta ka juye abin da ke ciki a kwalbar gilashi, ka bar shi ya natsa na ƴan mintuna. In ka ga layi biyu, na ƙasan ruwa ne, kuma in yana da yawa to tankin ma sai an tsabtace shi. Sa sabuwa mai maikiron 10 (ma'aunin ƙanƙantar ramukan tacewarta ke nan), ka shafa ɗan man inji a robar bakinta, ka ɗaure da hannu kawai. Ƙa'ida ita ce sauyi duk shekara ko bayan awa 100 na aiki, kuma gara a yi shi yanzu, saboda ruwan da aka bari a ciki yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, yana iya fasa kofin filtar.

Sai tiyo. Bi shi da hannu daga tanki har inji kana lanƙwasawa. Wanda ya sandare, ya tsattsage ko ya yi laushi fiye da kima, sauya shi. Etanol na cin tsohon tiyo ta ciki yayin da bayansa ke nan garau, don haka baƙin gari ko ɓarɓashin roba a filta alama ce ta cewa ya fara saɓulewa. Na injin da ake maƙalawa a baya, nemi mai tambarin B1-15, wanda ke bi ta ƙarƙashin daɓen jirgi kuma A1-15.

Matsa ƙwallon robar da ke tura mai. Ya kamata ya yi tauri bayan ƴan matsawa ya kuma tsaya a haka, kibiyarsa tana kallon inji. In ya ƙi tauri, ko bawul ɗinsa ya mutu ko iska na shiga ta wata mahaɗa, sai ka duba zoben roba na inda tiyo ke shiga inji. Duk wannan aiki a fili za ka yi shi, nesa da wuta da taba, bayan ka cire wayar batir. Idan ka gama, ajiye injin a tsaye don ruwan cikinsa ya tsiyaye duka.